Tuwon Gidan Makoki

A tashar Gusau motar Tsafe ta ƙi cika. Wata mata rungume da kular abinci ta kasa zama, wani dattijo yana kallonta.

"Hajiya, zauna mana. Tun harin nan da aka kai Tsafe kowa tsoron hanya yake, ƙasar duk makoki ake."

"Baba, tuwon zai huce. Ƙanena Tukur na cikin waɗanda aka kashe."

"Allah shi jiƙan shi. Amma ai maƙwabta ke dafa wa gidan rasuwa."

"Wane maƙwabcin? Unguwarmu can Tsafe kowane gida da gawarsa. Babu inda aka hura wuta."

Dattijon ya miƙe zumbur.

"Ɗana ma a can aka kashe shi. Na ɗauka ana kai wa yaransa abinci. Direba! Wai sai yaushe za mu tashi?"