Jaka Cike da Jaridu

A kan bencin da ke ƙofar ɗakin rabon abinci na ƙungiyar masallaci, wani magidanci ya zauna kusa da wata tsohuwa, kowannensu riƙe da baƙar jaka a kumbure.

"Inna, don Allah nan ne layin masu karɓa? Na ga kowa da kaya a hannu."

"Layi ɗaya ne, ɗana. Me suka ba ka a bakin ƙofa?"

"Wannan jakar. Na leƙa, tsofaffin jaridu ne kawai a ciki. Wasa ake yi da mutane?"

"Rufe ta! Mai karɓa yana shiga da jaridu ya fito da shinkafa da mai. Mai kawowa yana shiga da shinkafa ya fito da jaridu. Wa zai gane wani?"

"Ikon Allah! Ni da na zagaya ginin nan sau uku, kar wani da na taɓa yi wa ɗinki ya gan ni. Keken ɗinkina ne ya lalace, cikin yara huɗu kuma ba ya jiran gyara."

"Sau uku kawai? Shekarar da malam ya kwanta ciwo, sau bakwai na zagaya, har mai gadi ya zaci ɓata na yi."

"Ashe ke ma karɓa kika zo."

"Na ce maka yau?"

Ya dubi jakarta, ya dubi tasa.

"Wallahi na kasa ganewa."

"To, su ma ba za su gane ba. Tashi, an ɗaga labule. Ka riƙe ta kamar mai nauyi."