Mun Fake wa Ruwa a Hanyar Ruwa

Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu.

Gaskiya saura kaɗan in je in ce wa dattijon ikilisiya ya cire sunana daga masu ba da shaida yau. Dalilin kuwa matata ce, ga ta can zaune kusa da ƙofar kicin tana kallona. Maman Nanret, labarin da na ba ki ranar nan ba ƙarya na yi ba, amma na rage masa tsawo sosai. Yau za ki ji sauran. Ki riƙe faɗan har mu isa gida. Sannan kuma tun da abin nan ya faru ake ce mini jarumi, har ana ƙara mini nama a faranti in an tashi zumunta, kuma ban ƙi ba. Amma zuciyata ta hana ni sakat, ta ce Bitrus, tashi ka faɗi yadda aka yi.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni mutumin Pankshin ne, ɗan ƙabilar Angas, gyaran janareta nake yi a Birnin Masana'antu na Biyu. Kafin in zo Riyad na ɗan zaga duniya. Na yi acaɓa a Jos tun ina da gashi a kai, na zauna Kwatano, na zauna Duwala, na sha ƙurar Sabha. Saboda haka nake ganin babu wata hanya da za ta ba ni tsoro. Ina da wani tsohon babur da na saya a hannun wani ɗan Sudan, shi ne abin hutuna.

Ina da aboki, Bukar. Babarbare ne daga Maiduguri, Musulmi, yana tuƙa motar kayan miya a kasuwar Aziziya. Kun san tsakanin Angas da Barebari akwai wasa tun kakanni, to tun ranar da muka haɗu a unguwar Batha bai taɓa kirana da sunana ba. Bawana yake ce mini, ni ma in ce masa bawana. Shi ma yana da nasa babur ɗin, in za a kira shi babur.

Ranar wata Juma'a cikin sanyin nan, bayan mun tashi daga nan, shi kuma ya sauko daga masallaci, muka ɗaure kaya muka nufi yamma, wajen duwatsun Tuwaik. Muka kwana a wani ɗan masauki a bakin hanya. Da safe muka bar kwalta muka hau hanyar tsakuwa da ke hawa dutse.

Sama ta yi baƙi tun muna shan shayi. Bukar ya ɗaga kai ya ce, "Bawana, anya?"

Na ce, "Kai da ka fito daga inda ake ganin ruwa sau uku a shekara, dole ka ji tsoro. Biyo ni a baya."

A gida in sanyi ya zo, ruwa ya riga ya tafi. A ƙasar nan tare suke zuwa. Muna kan dutsen ruwan ya sauko, mai sanyi kamar daga firij aka ɗebo shi. Hanyar ta koma santsi kamar miyar karkashi. Ta hagu dutse, ta dama rami mai zurfin gaske. Tayar baya tana rawa, tsakuwa na tsalle tana dukan ƙafata. Safar hannuna ta jiƙe, yatsuna suka fara sandarewa a kan hannun babur, har in zan ja birki sai in haɗa da dukan tafin hannu. Na daina yi wa Bukar ba'a. Ina dai duban madubi in tabbata fitilarsa na bayana.

Wayoyinmu suka yi wata irin ƙara a tare. Muka tsaya, saƙo ne da Larabci. Bukar ya ɗan iya karantawa, ya ce, "Gargaɗi ne, wai za a yi ruwa."

Na ce, "Mun gode musu, ai muna cikinsa."

Hanyar ta gangara da mu cikin wani kwari tsakanin duwatsu biyu. A nan muka ga wani ƙaton kwalbati na siminti a ƙarƙashin wata tsohuwar hanya, mai tsayin da mutum zai tsaya a ciki bai sunkuya ba. To duk wanda ya taɓa yin acaɓa ya san abin da ya zo mini a rai. In ruwa ya sauko a Jos ko Kaduna, ina ake samun masu babur? Ƙarƙashin gada. Haka muka tashi muka gani. Ban ma yi tunani ba, na karya kan babur na shige, Bukar ya biyo ni.

Ciki busasshen yashi ne, ko ɗigo babu. Muka kafe baburan, Bukar ya cire jakarsa ta rataye ya maƙala a hannun babur don ta tsane, ya fito da fulas. Ruwan ma ya fara tsagaitawa a waje. Ina riƙe da kofi na ɗaga kai, sai na ga wata tsohuwar taya da karan itace a maƙale a rufin kwalbatin, can sama da kawunanmu. Na ce, "Wane mahaukaci ne ya hau ya cusa taya a can?"

Bukar ya kalli tayar. Ya kalle ni. Bai yi dariya ba.

A lokacin wata iska mai sanyi ta busa ta cikin kwalbatin, tana warin laka da kashin raƙumi. Sai ƙara daga nesa, kamar tirela na sauke tsakuwa, amma ba ta ƙarewa, ƙaruwa take. Wani siririn ruwa mai kumfa ya zo ya taɓa takalmina.

Na ce, "Bukar, fita."

Muka yar da kofuna muka ruga bakin kwalbatin. Na fara hawa duwatsun gefe, sai na ga babu shi a bayana. Ya koma. Ikamarsa tana cikin jakar nan, katin zama, kuma duk wanda ke zaune a ɗakin nan ya san abin da katin nan yake a wurin baƙo. Na gan shi ya fizgo jakar ya rataya a wuya ya juyo da gudu. Bai kai bakin ba ruwan ya iso.

'Yan'uwa, na ga ruwa a duniya, amma ban taɓa ganin ruwa a tsaye ba sai ranar. Ja ne, kamar kunu, da itace da duwatsu a cikinsa. Ya kwashi babur ɗina kamar gwangwani. Ya daki Bukar a baya ya cillo shi wajena. Akwai wani rodi da ya fito daga jikin siminti, na sarƙa hannuna na hagu a kansa, na miƙa na dama na cusa a ƙarƙashin igiyar jakar nan, a bayansa. Ruwan ya ja shi, igiyar ta murɗe a yatsuna.

Haka muka tsaya. Ni rabin jikina a ruwa, shi kuwa kansa kawai ke waje, ruwan na jan ƙafafunsa. Duwatsu na dukanmu ta ƙasa, ba ka ganinsu, sai dai ka ji. Sanyin ya shiga ƙashina. Ba zan iya jawo shi ba, shi ma ba inda zai taka.

Ya juyo da fuskarsa, laka a ido, laka a baki, ya ce, "Bitrus, kada ka sake ni."

Da na ji sunana a bakinsa, sai tsoro ya gama rufe ni.

Na ce, "Ina riƙe da kai."

Ya yi salati, ruwa ya rufe kansa, ya sake fitowa yana tari. "Kada ka sake ni. Yarana, Bitrus. Kada ka sake ni."

Ban san tsawon lokacin ba. Abin da na sani shi ne ƙarfina yana zuba kamar ruwa a rariya. Kafaɗata kamar za ta fita daga jikina. Ina jin rodin yana yanka mini hannun hagu. Na duba sama, ba kowa sai siminti da baƙin hadari. Ba wanda ya san muna nan. Maman Nanret ma ce mata na yi za mu ɗan sha iska a bayan gari.

Kun san yadda muke a ƙasar nan. Mu rufe taga, mu yi waƙa ƙasa-ƙasa, tafi ma da yatsu biyu muke yi saboda maƙwabta. Shekaru ke nan ban ɗaga murya a addu'a ba. Amma ranar na buɗe baki da duk abin da ya rage a ƙirjina. Ba wata addu'a mai tsari ba ce. Na ce Yesu, ƙarfina ya ƙare. Yesu, ba zan iya ba. Ni na kawo mutumin nan nan, kada ka bari ya tafi a hannuna. Yesu. Yesu. Ina ta ihu kamar ɗan akuyar da aka ɗaure.

Sai na ji hannuna na dama ya tafi.

Nauyin ya ɓace. Daga kafaɗa zuwa yatsu ban ji komai ba, ba zafi, ba ja, ba igiya. Na san na sake shi. Na rufe ido na kifa goshina a siminti na fashe da kuka. Ina ganin kaina ina kiran matarsa Yagana a Maiduguri, ina neman kalmar da zan fara da ita. Na kasa juyawa, don ba na son in ga wurin da yake a da.

Cikin ƙarar ruwan sai na ji murya, ƙarama, a gajiye. "Kada ka sake ni."

Na buɗe ido. Ga Bukar. Ga hannuna a miƙe, yatsuna a dunƙule a kan igiyar, fari fat kamar na gawa. Ina kallonsa kamar hannun wani. Na gwada motsa yatsa ɗaya, bai ji ni ba. Ba ni ke riƙe da shi ba, 'yan'uwa. Ni na riga na gama.

Ba a jima ba ƙasa ta zubo mana daga sama. Na ɗaga kai na ga fuskoki. Mutanen ƙasar nan in an yi ruwa murna suke, su kwashi iyali a jip su fita kallo. Wani dattijo ne da 'ya'yansa manya suka tsaya a kan tsohuwar hanyar suna kallon ambaliya, suka ji ihu daga ƙasa. Suka ɗaura igiyar jan mota suka sako. Ɗaya ya sauko a jikinta ya zarga wa Bukar a ƙirji, suka ja mu tare, don an kasa raba mu. Da muka isa sama suka yi ta ƙoƙarin buɗe yatsuna, mutum biyu, suka kasa. Sai dattijon ya ciro wuƙa ya yanke igiyar jakar ta nan da nan, ya bar mini guntun a hannu.

Suka lulluɓe mu da manyan rigunansu na sanyi masu gashi a ciki, suka sa mu a mota suka kunna zafi, suna ɗura mana gahawa. Dattijon yana ta nuna kwarin yana faɗa da Larabci, yana buga goshinsa da yatsa. Ban buƙaci tafinta ba. Mun yi nisa a hanyar asibiti kafin yatsun suka fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya, da zafin da ya sa na ciji rigar mutane.

Bukar ya karya haƙarƙari, gwiwarsa ta tsage, amma yana nan da ransa, har ya koma aiki. Baburan kuwa ko madubi ba mu gani ba. Maman Nanret, na ga kin ce amin, na ji ki.

Na san masu ilimi a cikinmu za su ce sanyi ne ya sandarar da hannun. Matata ma nas ce, za ta ba ku sunan abin da Turanci. Ban musa ba. Amma sanyin nan da na yi ta tsine wa tun safe a kan dutse, shi ne Ubangiji ya ɗauka ya kulle hannuna a daidai lokacin da ƙarfina ya ƙare. Har yanzu in na ji tirela na sauke tsakuwa a wurin aiki sai gabana ya faɗi, in ajiye sifana in zauna. Tsoron bai gama fita ba. Amma ina godiya ga Yesu da ya ji ihun tsohon banza a ƙarƙashin siminti. Ina roƙonku, duk wanda ya zo nan yau yana riƙe da wani abu da ya fi ƙarfinsa, ko aure ne, ko ɗa, ko aikin da ke neman kuɓucewa, kada ya ji kunyar cewa Ubangiji na gaji. Ku faɗa masa. Ku dogara gare shi, ya san yadda zai yi da hannun da ya mutu.

Bukar kuwa ya cika Batha da labari, wai bawansa ya riƙe shi da hannu ɗaya kamar zaki. Ranar nan ya zo gidanmu da kwandon tumatir, yana ɗingishi. Na zaunar da shi na ce, "Bawana, tsaya in gaya maka gaskiya." Na ba shi labarin yadda na ba ku yanzu, cewa ni a sanina na riga na sake shi, har na fara yi masa kuka.

Ya jawo hannuna ya juya shi yana duba tabon igiyar. Na zaci zai yi mini ba'a, na ma shirya amsa. Sai ya ɗago ya ce, "Wato duk lokacin nan da nake ta cewa kada ka sake ni, ashe ba da kai nake magana ba?"