Abin da Ba Mu Rubuta wa Jami'a Ba

'Yan'uwa, salamar Yesu mai cetonmu ta kasance tare da ku. Ku amsa a hankali, kun dai san bangon ɗakin nan. Wanda ke kusa da mukayyif, na'urar sanyin nan, ya ƙara masa ƙarfi, don yau bakina cike yake.

Ga waɗanda suka zo kwanan nan, sunana Saratu, nas ce ni. Na baro Kaltungo ina budurwa, ga shi furfura ta same ni a Jidda. Maigidana Toma, wancan da ke murmushi a kusurwa alhali ko rabin maganata bai ji ba, mutumin Kerala ne ta ƙasar Indiya. A ɗakin gwajin jini na asibitinmu muka haɗu. 'Yarmu ɗaya ce, Rahila. A nan aka haife ta, tuwo take ci, da Hausa take yi mini gardama, amma fasfonta na Indiya ne, makarantar Indiyawa kuma ta yi tun daga aji ɗaya.

Bara na gaji, 'yan'uwa. Irin gajiyar da kwanciya ba ta maganinta.

Rahila ta shiga ajin ƙarshe, kun kuwa san zamanmu a ƙasar nan. Iƙamarta, wato takardar izinin zama, a jikin ta ubanta take rataye, ta ubanta tana hannun kafili, wanda ya tsaya masa a wurin aiki. Ranar da aka ce halas, aiki ya ƙare, ina yarinyar nan za ta? Indiya a takarda kawai ta san ta. Najeriya kuma in ta je, Ba'indiya za a riƙa kiran ta. Sai na ƙwallafa rai a kan manyan jami'o'in ƙetare, irin waɗanda in sun zaɓi ɗalibi suke ɗaukar nauyin karatunsa.

Yarinya ta yi karatu har ƙashin wuyanta ya fito. Sakamako ya yi kyau, na ɗauke shi ina taƙama zuwa wurin malamar da ke ba su shawara a makaranta. Ta duba, ta ajiye.

Ta ce, "Madam, masu irin wannan maki daga Indiya ba su ƙirguwa, kuma a layinsu za a sa 'yarki. Ban da karatu, me take yi? Wa ta taɓa jagoranta? Kuma wane babba ne zai rubuta ya shaida?"



Me take yi? Ai ku ne shaidu! Wa ke riƙe da makarantar Lahadin da muke yi ran Juma'a? Wa ta koya wa 'yan ƙungiyar waƙarmu haɗa murya cikin raɗa, da tafi da yatsu biyu don kada maƙwabta su ji? Duk abin da jami'o'in nan suke nema yana cikin ɗakin nan, bayan labulen nan mai kauri. Kuma abu ne da ba a rubutawa.

Ni kuwa na ce sai an rubuta. Na san takardun ta ofishin makaranta za su bi, hannu da hannu, kafin su bar ƙasar. Na sani sarai. Amma na riƙa ce wa kaina, wa zai tsaya karantawa?

Wata Juma'a bayan sujada na tsayar da dattijonmu, Baba Ishaya, wanda a ɗakinsa muke zaune yanzu. Na ce, "Baba, wasiƙa ɗaya ce tak. Sunanka, lambar wayarka, da cewa Rahila ce ke koyar da yaranmu."

Ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Sannan ya ce, "Saratu 'yata, Rahila jikata ce. In kin ce in sa hannu, zan sa. Sai dai ki ba ni lokaci in fara tura kayana gida. In magana ta fita, tarhil, korar baƙi daga ƙasar, ba ya jiran mutum ya haɗa akwati."

Bai ƙi ba! Da ma ya ƙi, da na samu wanda zan yi fushi da shi. Tsoho direba, iyali a gida suna kallon hannunsa, ya ɗauki wuyansa ya miƙa mini, ni kuma na koma gida ina auna ko in karɓa.

Daga nan jinina ya hau. Ni da nake auna na mutane ina yi musu faɗa, sai ga ni ina ɓoye nawa. Abinci ya daina shiga. In na zo nan, baki ne kawai ke motsi. Na tambayi Toma ra'ayinsa, ya girgiza kai irin nasu, wanda har yau ban gane ko i ne ko a'a ba.

Wata rana da azahar, lokacin hutu a wurin aiki, na sulale daga cikin abokan aiki. Na shiga ɗakin da muke ajiye zannuwan gado, na durƙusa tsakanin kantoci. Ba wata doguwar addu'a na yi ba, ƙarfinta ma babu. Na ce, "Ubangiji, na gaji. Kai ka ba ni yarinyar nan, kai ka san inda za ka ajiye ta. In hanyarta sai ta bi ta kan mutanenka, ka rufe hanyar, ka kuma rufe mini baki."

Ban ji murya ba, ban ga haske ba. Abin da na sani kawai, a motar asibiti da ke mayar da mu unguwarmu ta Waziriyya na yi barci har sai da direba ya ce, "Yalla, Sista, an iso."

Na shiga gida da niyyar ce wa Rahila a bar maganar wasiƙa. Ta riga ni. Ta ce, "Mama, kada ki yi fushi, na tura takardun. Wurin da ake rubuta abin da nake yi ban da karatu na bar shi fayau. Ba nawa ba ne ni kaɗai."

Ashe Ubangiji ya riga ya gama da 'yar, uwar ce ke ta jan ƙafa.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya zama daɗi. Amsoshi suka fara zuwa, masu ladabi, masu cewa a'a. Jami'ar da na fi so ita ta fara ƙi. Na yi kuka, har na tuna da wasiƙar nan, ba zan ɓoye muku ba.

Sai wata jami'a ta kira ta ganawa ta bidiyo. Ina bayan ƙofa ina ji. Matar da ke ganawa da ita ta ce, "Na ga ba ki rubuta komai a nan ba. Ba kya yin komai ranar hutu?"

Rahila ta ce, "Ina yi. Amma akwai mutanen da zaman lafiyarsu ya dogara da shiruna."

Matar ta wuce tambaya ta gaba. Na ce shi ke nan, an gama da mu. Suka sa ta cikin masu jira, muka yi ta jira har na daina tambaya. Daga baya suka ɗauke ta, da tallafin karatu. Ko saboda amsar nan ne, ko duk da ita, ban sani ba. Ubangiji ya sani. Halleluya!

Yanzu gidan ya yi mana girma. Toma har yau faranti uku yake ɗaukowa, ya mayar da ɗaya. Gajiyar ba ta gama sakina ba, amma jinina ya sauka, ga kuma Baba Ishaya zaune a kujerarsa, babu wanda aka kora saboda ni.

Ran Lahadin da ta wuce, Lahadi ta gaske, Rahila ta aiko mini da saƙon murya. Ta shiga wata majami'a mai ƙofa buɗe a bakin titi. Da aka ɗauki waƙa ta fara cikin raɗa yadda ta saba, sai wata tsohuwa ta taɓa ta, ta ce ta ɗaga murya. Ta ɗaga. Ta ce, "Mama, ban san haka muryata take ba."

Ni ma da na haife ta ban sani ba.

Na gode wa Yesu da ya riƙe hannuna kafin in yi ɓarna. Duk wanda ya gaji a cikinku, ya sauke kayan a gabansa, ya fi mu sanin hanyar 'ya'yanmu. Ku matso kusa in kunna muku ku ji ta. Sai dai ku yi haƙuri, zan rage ƙarar.