Rigar Da Ta Yi Kaɗan

INNA: Wa ke nan? Kai, ni ba a ce mini "halo". Ku yaran yanzu kun yar da sallama kamar tsohon takalmi. Ka yi sallama ko in kashe wayar.

AUTA: Salamu alaikum, Inna. Ni ne, Auta.

INNA: Wa alaikumus salam. Na san kai ne. Wa gare ni da muryarsa za ta zo mini kamar daga cikin rijiya in ba kai ba?

AUTA: Ina wuni, Inna?

INNA: Lafiya lau.

AUTA: Ya jiki? Ya ƙafar?

INNA: Da sauƙi. Tana nan inda ka bar ta.

AUTA: Allah ya ƙara sauƙi. Ya Yaya? Ya shago?

INNA: Yayanka yana kan keken ɗinkinsa tun safe. Ba ka jin ƙarar?

AUTA: Ina ɗan ji. Ya mutanen gida? Ya maƙwabta? Ya... ya yarona?

INNA: Sai yanzu ka iso kansa, bayan maƙwabta. Lafiyarsa ƙalau. Saƙonka ya iso. Wa ka aiko wa rigar nan?

AUTA: Shi mana. Na shiga kantin kulob da kaina, na ce su ba ni ta yara.

INNA: Ta yara.

AUTA: Ba ta yi masa kyau ba ne? Inna? Kina ji na?

INNA: Ina jin ka, ba waya ce ta yi shiru ba, ni ce. Ko kansa bai shiga wuyanta ba. Yaron da sai ya sunkuya yake shiga ɗakina, gemu ya fara tsiro masa, shi ka saya wa rigar ɗan firamare.

AUTA: Har ya kai haka?

INNA: A'a, tsayawa ya yi yana jiran ka. Zuwanka na ƙarshe yana famfarar haƙori, shi ne ka ɗauka har yau da giɓi yake yawo. Abin da ya fi ba ni haushi, da yana ƙarami rigunanka na ƙwallo ka riƙa aiko masa, zurum-zurum har ƙasa. Yanzu da ya isa sa naka, ka aiko ta yara.

AUTA: Waɗancan da su na yi wasa, Inna. Da gumina a jikinsu. Na ɗauka zai yi alfahari.

INNA: Ya yi. Ta farko ja ce, ta ƙasar da ka ce ruwa yana daskarewa a famfo. Kuka ya dinga yi sai ya sa ta. Yayanka ya zauna ya warware ta, ya rage kafaɗa, ya rage tsawo. Sunanka da ke baya ya fi bayan yaron faɗi, dole aka ɓamɓare shi.

AUTA: Ba a taɓa faɗa mini ba.

INNA: Ka taɓa tambaya?

AUTA: Inna, a wurin masu jar rigar nan benci na fara ɗumamawa. In na ce zan zo gida, wani ya hau gurbina. Mai tsaron baya ba kamar mai cin ƙwallo ba ne, ba wanda yake tuna shi sai ran da ya yi kuskure.

INNA: Haka ka faɗa wa uwarsa, har ta gaji ta kama gabanta. Daga nan ka ce an ba da kai aro.

AUTA: Eh, ga masu ratsin baƙi da fari, na bakin teku.

INNA: Aro. Mutum da ransa, kamar tukunyar maƙwabta. Ka ce in kakar wasa ta ƙare za ka zo ka daɗe.

AUTA: A shekarar muka faɗo rukuni na ƙasa. Aka sayar da ni kafin in haɗa kaya.

INNA: Ga masu ruwan ɗorawa, inda ka ce zafi ya fi namu.

AUTA: Can ne suka ba ni kyaftin. Filin gaba ɗaya yana kiran Katanga, Katanga...

INNA: Me? Muryarka tana yankewa.

AUTA: Na ce suna kira na Katanga.

INNA: Katangar gidan wasu. Namu gidan a buɗe ka bar shi. Ranar da aka ɗaura maka ƙyallen nan a hannu, yaron yana kwance da zazzaɓi. Yayanka ne ya goya shi zuwa asibiti, da allurar ɗinki maƙale a gaban rigarsa don sauri.

AUTA: Na aiko da abin da...

INNA: Ka aiko da riga. Sai kore, sai wata mai ruwan toka da ban ma san ta ina ba ce. Duk wadda ta zo, yayanka ya rage ta, ya cire sunan.

AUTA: Inna, ki saurare ni. Ba don riga na kira ba.

INNA: Na sani. Ba ka doguwar gaisuwa sai da dalili. Me ya faru?

AUTA: Gwiwata ce. An sake yin tiyata, ba ta kama ba. Likita ya ce in ina son in yi tafiya da ƙafata in na tsufa, in haƙura da ƙwallo.

INNA: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun yaushe?

AUTA: An ɗan jima. Kwantiragina ya ƙare, ba su sabunta ba. Wakilina ya daina ɗaukar wayata. Gidan ma na kulob ne, sun ce in mayar da makulli. Yanzu haka a kan akwati nake zaune, sanduna biyu a jingine da bango.

INNA: Kana cin abinci?

AUTA: Ina taɓawa.

INNA: Wa yake dafa maka? Wa yake kama ka in za ka tashi?

AUTA: Ba kowa, Inna. Waɗanda muka yi wasa tare duk sun watse, kowa da ƙasar da aka sayar da shi.

INNA: To ka taho gida. Ɗakinka yana nan, buhunan yadin yayanka ne a ciki, za a kwashe.

AUTA: Zan zo. Kuma na yi tunani. Na ji an ce yaron yana taɓa ƙwallo. Zan zauna da shi, in koya masa duk abin da na sani. Har yanzu akwai mai jin maganata a wurin masu jar riga, zan kai shi gwaji da kaina. Zan gyara, Inna.

INNA: Ba taɓawa yake yi ba. An ɗauke shi.

AUTA: An me? Layin...

INNA: Kulob ɗin garin nan sun ɗauke shi, na manya. Baya yake tsarewa, kamarka. Har tsayuwarku ɗaya, da hannu a ƙugu.

AUTA: Allahu Akbar. Wa ya kai shi? Wa ya tsaya masa?

INNA: Wanda yake kai shi fili a bayan keke tun yana ɗan mitsitsi, ya ɗinke masa takalmi in ya yage. Ranar wasansa na farko yayanka ya rufe shago, abin da bai taɓa yi ba. Ni ma aka ja ni. Na toshe kunne don ihu, amma na gan shi.

AUTA: Wace lamba suka ba shi?

INNA: Biyar.

AUTA: Tawa ce. Lambata ce, Inna. Da sunan a sama?

INNA: Da suna.

AUTA: To alhamdulillahi. Ko ban yi komai ba, sunan ya...

INNA: Auta. Ni ban yi boko ba, ban san baƙi ko ɗaya ba. Amma sunanka na san kamanninsa. Duk wanda aka ɓamɓare daga riga ni nake tsincewa a ƙarƙashin keken ɗinki, suna nan cikin gwangwani a ɗakina. Da yaron ya juya baya a fili, na duba. Ba shi ba ne.

AUTA: Na wa ne?

INNA: Na yayanka. Sun tambaye shi sunan da za a rubuta, shi ya faɗa musu. Yayanka ya hana shi, ya yi masa faɗa, ya ce uba uba ne. Yaron ya ce ko wannan, ko a bar bayan rigar ba komai.

AUTA: Ki ce masa... Yaron yana nan?

INNA: Yana shago, yana ɗaura takalmi. Za su tafi atisaye.

AUTA: Ki ba shi wayar. Don Allah, Inna. Ba zan yi maganar suna ba. Muryarsa kawai, ban san yadda ta koma ba. Katina ya kusa ƙarewa.

INNA: Tsaya. Kai, dogo, zo nan. Zo ka karɓi waya. Ka san ko wane ne. Kar ka tsaya mini a bakin ƙofa kana kallona, da kai nake.

AUTA: Ya zo?

INNA: Ya juya. Ya ce sun makara.

AUTA: Bai ce komai ba?

INNA: Ya ce an gode da riga. Ya ce Allah ya ba da lafiya.

AUTA: Ya ce a gaishe ni?

INNA: Ya ce.

AUTA: Me ya kira ni?

INNA: Ka bar wannan. Ka haɗa kayanka ka taho.

AUTA: Ba ki taɓa ɓoye mini magana don ta yi ɗaci ba, Inna. Me ya ce?

INNA: Ya ce a gaida ƙanin Baba.

INNA: Auta? Kana ji na? Auta?