Bayanan Musaddiƙ Sun Shiga Gari

"To ka kai su ƙara mana! Kana ta tsaki kamar tsaki zai goge hotonka."

A tashar Kazaure ne, ana jiran motar Gwiwa ta cika. Musaddiƙ tela bai ma san sunan matar da ke gefensa ba. Ɓacin rai ne ya sa ya faɗa mata cewa an yi wa wani kamfanin haɗa aure ta waya kutse, an watsa bayanan mutane, har masu shayin Gwiwa sun haddace nasa.

"Malama, ƙarar wa? Ni na ba su da hannuna."

"Ajiya ka ba su, ba talla ba. Haƙƙinka ne su sanar da kai, su goge in ka nema. Akwai hukumar kare bayanai, kotu kuma tana iya sa su biya ka diyya."

"A kotu ai karanta komai za a yi a gaban jama'a."

"Me ya rage? 'Dogo ne ni, kuma faɗuwar rana tana sa ni hawaye.'" Ta dube shi sama da ƙasa. "Dogo fa!"

Gumi ya karyo masa. "Ke a ina kika gani?"

Ta gyara mayafi, ta kau da kai. "Sunana nake nema cikin bayanan da aka watsa, na ci karo da hotonka."

Ya juyo ya dube ta da kyau. Can ya ce da ƙarfi, har direba ya waiwayo, "Wallahi sai na kai su ƙara! Malama, tare za mu shigar."