Tiyon Bakolori da Shanun Babana

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Ni ɗan sakandare ne daga Talata Mafara.

Makon jiya malaminmu na aikin gona ya kwashe mu a mota zuwa madatsar ruwa ta Bakolori. Babana mai fataucin shanu ne, da ƙyar ya bar ni. Ya ce, "Mi za ka koyo ga ruwan da ya ci gonakin mutane?"

A bakin magudanar ruwa manoma suka nuna mana yadda ake cika tiyo, a bar baki ɗaya cikin ruwa, a toshe ɗayan da tafin hannu, a jefa shi gona, ruwa ya yi ta zuba da kansa. Mun sha zana wannan a aji, ban gane ba sai da hannuna ya jiƙe.

Da na dawo na gwada daga duro zuwa kwamin shanunmu. Baba ya tsaya kallo. Washegari na tarar da shi yana gwadawa, rigarsa sharkaf.

Wata mai zuwa za a kai mu Maradun. Jama'a, yaya zan roƙe shi? Ina gaishe ka, Baba, na san rediyonka a kunne take.