Ranar da Na Yi Ihu a Kan Gwiwa

Ƴan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya ji muryata ran da na buɗe baki. Sunana Laraba, matar Dauda mai jakai. Kun san ni, ban iya magana a hankali ba, har yara na cewa in ina addu'a a nan Matamai ana ji a Kance. To, yau za ku ji dalili.

Ni ƴar fari ce a wurin Inna, ita ce kuwa ungozomar Tsauni. Saboda kunyar ɗan fari, tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. Sai dai "ke", ko "yarinyar nan". Abu guda ta koya mini da bakinta: haihuwa yaƙin mata ce, kuma ƴar gidan mutunci ba ta kuka a kan gwiwa. Ki durƙusa, ki ciji zane, sai an ji kukan jariri a san kin sauka.

Da cikina na fari ya tsufa, aka kai ni gida goyon ciki. Naƙuda ta zo, na durƙusa, na ciji zane. Rana ta faɗi, wata ranar ta fito, wata ta sake fitowa, ina nan. Na tashi cikin shekarun yunwa, ƙuguna bai buɗe ba, amma wa ya san wannan a lokacin? Ban ce uffan ba. Da yaron ya fito, shi ma bai ce uffan ba. Namiji ne, da gashi cike da kai.

Mata suka shigo suna yabona. "Kai, wannan ƴa akwai jarunta, ko tari ba mu ji ba!" Ana yabona, ana haƙa rami.

Inna ta wanke mabiyiya, ta binne ta bayan ɗaki, cibiya tana kallon sama yadda aka gada, don in an kife ta, an ce mace ba ta ƙara haihuwa. Ta ce, "An binne daidai. Wani zai zo."

Wani ya zo kuwa. Wannan karon, da abin ya ƙi, Inna ta ce gishiri ne ya tare hanya, ta ɗauko aska ta yi mini yankan gishiri. Wayyo! Jinin da na zubar, ƙasar ɗakin sai da aka kwashe ta. Mace ce, ita ma ba ta yi numfashi ba. Ni ma ban yi kuka ba, na kuma yi alfahari da hakan. Ku ji fa!

Kada wani ya zagi Inna a ransa. Rabin mutanen Tsauni ita ta yanke musu cibi, suna nan da ransu. Abin da ta sani ta yi mini, kuma da ƙauna ta yi shi.

A tsakanin nan maigida ya ji bishara a hanyar Kano, wajen kai gyaɗa, ya dawo da ita gida. Na bi shi da ƙafa, zuciyata kuwa tana bayan ɗakin Inna. In yana addu'a sai in sunkuyar da kai kawai. Me zan ce wa Allah? Ni da aka koya wa kada in nemi taimako.

Ciki na uku ya shiga, tsoro ya shiga tare da shi. Maigida ya ce akwai gidan likita a Damagaram da Nasara suka buɗe, in lokaci ya matso zai kai ni. Inna ta zo takanas daga Tsauni, ta tsaya a tsakar gidanmu.

Ta ce, "Dauda, ka canza addini na yi shiru. Yanzu kuma ƴata za ka kai wa Nasara? An ce kwantar da mace suke rigingine kamar tunkiyar yanka, maza na tsaye a kanta. Mabiyiya kuma rami guda suke zubawa, ta kowa da kowa. Ɗan da ba a binne mabiyiyarsa a gida ba, ina ne garinsu?"

Maigida ya sunkuya ya ce, "Inna, biyu aka binne a gida."

Ta ce, "Allah ne ya karɓi abinsa. A Damagaram ba a mutuwa ne?"

Aka juyo gare ni. Na ce zan haihu a gida. Tsoron mutuwa nake, amma tsoron a ce ƴar ungozoma ta gudu ya fi ƙarfi.

Naƙuda ta kama ni a nan Matamai, lokacin kakar gyaɗa, Inna na wurina. Na durƙusa, na ciji zane. Aka kwana, aka yini, aka sake kwana. Da hantsi ya dubi ludayi sai na ji ɗan ya rage motsi. Na san wannan shirun, sau biyu ina jin sa. Na ɗaga ido, na ga Inna tana kwance ƙullin da askar take ciki.

Ƴan'uwa, ban san sa'ad da zanen ya faɗo daga bakina ba. Na kurma ihu, "Yesu! Yesu, ka cece ni! Kada ka bar wannan ma ya tafi! Ku kai ni likita!" Addu'ata ta fari ke nan, ba ladabi a cikinta, ba tsari. Unguwa duka ta ji.

Na ɗauka Inna za ta mare ni. Sai ta saki askar, ta kama fuskata da hannu biyu, ta ce, "Laraba." Ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai ran nan. Ta leƙa waje ta ce, "Dauda, cire ƙyauren nan a ɗauke ta. Ran wanka ba a ɓoyon cibi."

A kan ƙyaure aka kai ni bakin hanya. Allah ya sa akwai kamyon gyaɗa, wato babbar mota, mai shirin tashi, maigida ya durƙusa wa direban har ya yarda. Aka shimfiɗe ni kan buhuna, rana na dukana, kowane rami sai na ji kamar an tsaga ni. Inna ta riƙe kaina a cinya, ƙwarya da faifai a gefenta. Ban gane amfanin ƙwaryar ba sai daga baya.

Abin da Inna ta faɗa game da gidan likita, da gaskiya a ciki. An kwantar da ni rigingine, lokotoro, wato likitan, namiji ne, Hausarsa ba ta wuce "sannu" ba. Wata mata daga Icirnawa da na tarar a can, an kawo ta a makare, a gabana aka lulluɓe ta. Ni kuma da wani ƙarfe mai kama da ludayi biyu aka jawo ɗan. Ya fito shiru, jikinsa ya yi toka-toka. Ungozomar likita ta juya shi, ta bubbuga, ta hura masa baki. Ina ta kiran Yesu, murya ta dishe. Sai ga kuka! Ɗan siriri, kamar na ɗan akuya, amma kuka ne. Halleluya!

Inna kuwa ta tare ƙofa da ƙwaryarta, ta ce ba ta gusawa sai an ba ta mabiyiya. Aka kore ta, ta dawo. Da suka gaji suka ba ta. Ta rufe da faifai, ta kama hanyar Tsauni, ta binne ta kusa da biyun nan, cibiya sama.

Ban ƙara haihuwa ba, jikina ya riga ya lalace. Har Inna ta rasu tana cewa, "Daidai na binne fa." Ni kuma ina ce mata, "Daidai kika binne, Inna." Biyun da ke kwance a Tsauni, ba ranar da ba na tuna su, ina tambayar kaina: da na yi ihu tun fari fa?

Mata ƴan'uwana, wadda Allah ya ba haihuwa mai sauƙi a ɗakinta, ta gode masa. Amma in rana ta faɗi kina kan gwiwa, ki tofar da zanen nan. Ki kira Yesu, ki kira mutane, a kai ki inda za a taimake ki. Ubangiji ba ya ƙyamar ihu, ni shaida ce. Ku dogara gare shi.

An ce mini tun da ɗan nan nawa shi ne ya rayu, shi ne ɗan fari, kada in faɗi sunansa. Ga shi can zaune a bayan maza, tabon ƙarfen na nan a gefen kansa, yana sunkuyar da kai don ya san halina. Na gode wa Allah, na gode wa Yesu mai cetona. Ishaku! Tashi mutane su gan ka.